Yadda Ake Gano Saɓanin Sakamako Tsakanin Na'urorin Awon Daskarewar Jini da Yadda Ake Gyara Shi

Wani dattijo da ke shan warfarin, maganin rage daskarewar jini, saboda gudan jini da ya taɓa toshe masa jijiyar ƙafa ya zo ɗakin gwajinmu wata safiya da takardun sakamako guda biyu, tsakaninsu kwana ɗaya tak. Tamu ta nuna INR ɗinsa, wato lambar da ke nuna yadda jini ke jinkirin daskarewa, 3.3 ne, ɗayar kuwa, wadda aka yi masa a wani ɗakin gwaji kusa da gidansa, ta nuna 2.6. Likita ya riga ya gaya masa cewa idan lambar ta haura 3 za a rage masa magani, saboda haka ya shimfiɗa takardun a kan tebur, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wacce ce ta gaskiya? Ni dai na san jinina ɗaya ne." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa azahar." Da muka bincika sai muka tarar laifin namu ne. An buɗe sabon rukunin sinadarin gwaji mai lambar ISI 1.05, lambar da ake lissafa INR da ita, amma lambar tsohon rukuni, wato 1.30, ita ce ke zaune a cikin na'ura. Jinin dattijon ya daskare cikin sakan 30, matsakaicin na masu lafiya kuwa sakan 12 ne. Da lambar da ta dace lissafin 2.6 yake bayarwa, da tsohuwar kuma 3.3.

Wannan bayani domin ma'aikacin ɗakin gwaji ne da farko, sannan likita da ma'aikacin jinya waɗanda ke canza adadin magani bisa lambar da muka rubuta musu. Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, sakamakon gwajin daskarewar jini ya rataya ne a kan abu uku a haɗe: sinadarin da aka yi amfani da shi, na'urar da ta gane lokacin daskarewa, da yadda aka ɗebi jinin aka adana shi. Da zarar ɗaya ya canza, sai an sake tabbatarwa kafin a yarda da lambar.

Inda saɓanin yake fitowa

Gwajin PT, wanda daga sakamakonsa ake lissafa INR, tsoho ne, Armand Quick ne ya fito da shi a Amurka a 1935. Ana ɗaukar ruwan jini, wato filasma, a zuba masa sinadarin da ake kira tirombofilastin tare da kalsiyam a zafin digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, sannan a ƙirga sakan nawa ya ɗauka kafin ya daskare. Matsalar ita ce tirombofilastin iri-iri ne. Akwai wanda ake samu daga ƙwaƙwalwar zomo, akwai na mabiyiyar ɗan adam, akwai kuma wanda ake haɗawa a masana'anta, kuma kowanne da irin yadda yake jin raguwar furotin ɗin daskarewa masu lamba II da VII da X, waɗanda warfarin ke ragewa. Shekaru da dama asibitocin Amurka na amfani da sinadari mai ƙarancin ji, na Ingila kuma mai kaifin ji, har ya zamana ana ba majinyatan Amurka magani fiye da kima domin a kai ga tsawon sakan ɗin da ake nema, zubar jini kuma ta yi yawa. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin INR a 1983.

Lissafin ba shi da wuya. Ana raba sakan ɗin majinyaci da matsakaicin sakan na masu lafiya, wanda ake kira MNPT, sai a ɗaga abin da aka samu zuwa ƙarfin lambar ISI, wato abin da maɓallin xʸ na kalkuleta yake yi. ISI kuwa lamba ce da ke nuna yadda sinadarin ya yi kusa ko nesa da sinadarin ma'auni na hukumar. Kamar dai a ce kowace kasuwa da mudunta, sai aka yarda a riƙa mayar da komai zuwa kilo domin mai saye a Dawanau da mai saye a Maraɗi su fahimci juna. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka cewa tun da an samu INR magana ta ƙare, alhali lambar ISI kanta tana canzawa gwargwadon na'urar da aka ɗora sinadarin a kai.

Dalili shi ne na'urori ba hanya ɗaya suke bi wajen gane cewa jini ya daskare ba. Wasu, irin na kamfanin Stago, suna kaɗa wata 'yar ƙwallon ƙarfe a cikin filasma da ƙarfin maganaɗisu, idan kauri ya rage mata motsi sai agogo ya tsaya. Wasu, irin jerin CS na Sysmex da ACL TOP, haske suke ratsawa ta cikin samfur su lura da lokacin da ya fara dusashewa saboda zaren daskarewa da ke haɗuwa. A ƙananan ɗakunan gwaji har yanzu akwai masu karkata kwalba da hannu a cikin ruwan ɗumi suna riƙe da agogo, inda idon ma'aikaci ne na'urar. Sannan ga ƙananan na'urorin hannu irin CoaguChek na Roche, waɗanda ke aiki da ɗigon jini daga yatsa a kan ɗan tsinken gwaji, su ma hanyarsu daban. Kowace daga cikin waɗannan tana tsayar da agogo a wani mataki na daskarewa da ya ɗan bambanta da na sauran, kuma bambancin sakan ɗaya ko biyu yana girma idan aka ɗaga shi zuwa ƙarfin ISI.

A fara da samfur kafin a zargi na'ura

Yawancin saɓanin da na gani a aiki tun daga wurin ɗibar jini ya faro. Ana ɗibar jinin wannan gwaji a kwalba mai murfi shuɗi da ke ɗauke da sitiret, sinadarin da ke kame kalsiyam ya hana jini daskarewa a kwalba, kashi tara na jini a kan kashi ɗaya na sitiret. Idan kwalbar ba ta cika zuwa layin da aka zana ba, sitiret ya yi wa jinin yawa, zai kame wani ɓangare na kalsiyam ɗin da za a zuba daga baya, lokacin daskarewa kuma ya yi tsawo na ƙarya. Kwalbar da ba ta kai kashi 90 cikin ɗari na cikarta ba a mayar da ita a sake ɗiba, ko da kuwa wanda ya kawo ta zai ji haushi. Haka kuma a duba jikin kwalbar, domin a kasuwa akwai mai sitiret kashi 3.2 cikin ɗari, akwai mai kashi 3.8. Ta farkon ce aka fi amincewa da ita, ta biyun takan ɗaga INR, kuma asibitin da ke sayen duk wadda ya samu a wannan wata ya riga ya shigo da saɓani ko da na'urarsa ɗaya ce.

Kada a bar robar ɗaure hannu ta wuce minti ɗaya. A cika kwalba mai murfi shuɗi kafin mai murfi shunayya, kuma kada a kuskura a tsiyayo jini daga wata kwalba a cike wannan da shi, domin abin hana daskarewa da ke cikin waccan zai lalata gwajin gaba ɗaya. A juya kwalbar a hankali sau uku ko huɗu nan take, ban da girgizawa. Jinin da aka zuƙo ta robar ƙarin ruwa da aka wanke da heparin, wani maganin hana daskarewar jini, ba abin dogaro ba ne, gara a nemi wata jijiya a ɗaya hannun.

Akwai majinyatan da PCV ɗinsu, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya haura kashi 55 cikin ɗari, kamar jarirai sabbin haihuwa da masu wasu cututtukan zuciya na haihuwa. Filasmarsu kaɗan ce, don haka sitiret ɗin da ke cikin kwalba ya yi mata yawa ko da kwalbar ta cika. Ana gyara wannan da lissafi: a cire PCV daga 100, a ninka da yawan jinin da za a ɗiba a mililita, a sake ninkawa da 0.00185. Ga mai PCV 65 da za a ɗebi mililita 4.5, sitiret ɗin da ake bukata kusan mililita 0.29 ne a maimakon 0.5 da aka saba.

Bayan ɗiba, a juya jinin a na'urar tacewa da ƙarfin juyawa na 1500 g, wato ninki 1500 na ƙarfin jan ƙasa, na tsawon minti 15 domin a samu filasma mai ƙarancin ƙwayoyin daskarewa. Samfurin PT yana iya jira har awa 24 a rufe a yanayin ɗaki mai sanyi-sanyi, na APTT kuwa, wani gwajin daskarewa da ake bin maganin heparin da shi, awa 4 ne, idan kuma na mai karɓar heparin ne a tace shi cikin awa ɗaya. Kada a sa samfurin PT a firji ko a kan ƙanƙara, saboda sanyi yana tayar da furotin mai lamba VII, ya gajarta lokacin. A nan ne yanayinmu ke shigowa. Abin da littattafai ke nufi da zafin ɗaki bai wuce digiri 25 ba, alhali a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafi kan haura digiri 40. Samfurin da ya yi tafiyar awa biyu a aljihun ɗan acaɓa a irin wannan rana ba za a kwatanta shi da wanda aka ɗiba a bakin ƙofar ɗakin gwaji ba.

Lambobi biyun da ke cikin na'ura

Idan samfur ya inganta, abu na gaba shi ne a buɗe saitin na'ura a karanta MNPT da ISI da ido, a kwatanta su da takardar da ke cikin kwalin sinadarin da ake amfani da shi a yau. A duba lambar rukuni a jikin kwalbar sinadari, a tabbatar ita ce a takardar. Kamfanoni kan rubuta ISI fiye da ɗaya a takarda guda, kowace da irin na'urar da aka auna ta a kai, saboda haka a nemi wadda ta dace da na'urar da ke gaban mutum. Idan sunan na'urar bai fito a takardar ba, lambar da aka ɗauka aro ce, kuma wajibi ne a tabbatar da ita kamar yadda zan bayyana.

MNPT kuwa kowane ɗakin gwaji shi zai fitar da nasa, kuma a sake shi duk lokacin da aka canza rukunin sinadari ko na'ura. A nemi manya masu lafiya aƙalla 20, maza da mata, waɗanda ba sa shan wani magani da ke taɓa jini, a ɗebi jininsu a irin kwalbar da ake ɗibar na majinyata, a gwada shi sabo, zai fi kyau a raba aikin a kan 'yan kwanaki domin ya ɗauko irin canjin da ake samu daga rana zuwa rana. Matsakaicin da ake so shi ne wanda ake fitarwa ta logaritim, kuma umarnin GEOMEAN na manhajar Excel yana fitar da shi nan take. Na sha ganin an ɗauki sakan ɗin kwantirol na wannan rana, wato filasmar da aka riga aka san sakamakonta wadda ake duba aikin na'ura da ita, an sa shi a matsayin MNPT, ko an kwafi lambar da ke takardar kamfani. Dukansu kuskure ne. Misali, idan MNPT na gaskiya sakan 13 ne aka shigar da 11.5, majinyacin da ya yi sakan 30 da sinadari mai ISI 1.3 zai fito da kusan 3.5 a maimakon kusan 3.0, kuma wannan tazara ta isa ta sa likita ya taɓa magani.

Wannan misali yana nuna wani abu da ya kamata mai sayen kaya ya sani: duk yadda ISI ta yi girma, haka take ninka kowane ƙaramin kuskure. Idan rabon sakan ya zama 2.0, sinadari mai ISI 1.0 zai ba da INR 2.0, mai ISI 2.0 kuma zai ba da 4.0, don haka gocewar sakan ɗaya a na biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba. A ra'ayina, asibitin da ke kula da masu shan warfarin ya daure ya sayi sinadarin da ISI ɗinsa ke kusa da 1.0, ya kuma sayi rukuni ɗaya mai yawa gwargwadon abin da firjinsa da ranar lalacewar kayan za su ɗauka, domin kowane sabon rukuni sabon aiki ne.

Hanyar tabbatar da ISI ita ce a sayi busasshiyar filasma wadda aka riga aka tantance INR ɗinta. Ƙa'idar cibiyar CLSI ta Amurka ta nemi aƙalla guda uku da suka ratsa tsakanin 1.5 da 4.5, a gwada su kamar samfurin majinyaci, kuma abin da aka samu kada ya kauce wa lambar da aka rubuta da fiye da kashi 15 cikin ɗari. Idan ya kauce, sai a nemi cikakken saitin filasmar daidaitawa da kamfanin ya amince da shi ga wannan sinadari, a fitar da ISI ta gida. Kayan suna da tsada, ban musa ba, amma ɗakunan gwaji biyu ko uku da ke gari ɗaya suna amfani da sinadari iri ɗaya za su iya haɗa kuɗi su yi odar tare.

Kwatanta na'ura da na'ura

Wannan aiki ya zama dole idan an sayo sabuwar na'ura, ko asibiti na da biyu, ta rana da ta dare, ko akwai ƙaramar na'urar hannu a asibitin zuciya alhali babbar tana ɗakin gwaji. Kafin a kwatanta, a fara tabbatar da cewa kowace na'ura ta yarda da kanta: a gwada kwantirol guda sau 20 a jere a ga yadda sakamakon ya warwatsu. Na'urar da ke ba da sakan 12 yanzu, ta ba da 14 bayan minti biyar a kan samfur ɗaya, gyara take bukata, kwatanta ta da wata ɓata sinadari ne.

Daga nan a tara samfurin majinyata na gaske, aƙalla 40, a cikin kwana biyar ko fiye. Abin da ya fi muhimmanci shi ne zaɓen su. Idan 35 daga ciki na masu lafiya ne da INR ɗinsu ke kusa da 1.0, na'urorin za su yi kamar sun yi daidai, alhali ba a gwada su a inda hatsarin yake ba. A tabbatar mafi yawa na masu shan warfarin ne da suka daɗe a kan magani, wasu tsakanin 2 da 3, wasu tsakanin 3 da 4.5, da 'yan kaɗan da suka haura haka. Kowane samfur a raba shi biyu a gwada a na'urorin kusan lokaci guda, yau a fara da wannan, gobe a fara da waccan, domin kada jinkiri ya riƙa faɗawa a kan guda ɗaya kullum.

Wajen duba sakamako, kada a tsaya a kan lambar dangantaka da kwamfuta ke fitarwa, wadda idan ta kai 0.98 kowa sai ya yi murna. Na'urar da ke ƙara 0.5 a kan kowane samfur za ta ba da dangantaka cikakkiya, ga shi kuwa kowane sakamakonta ya goce. Hanyar da ta fi amfani ita ce wadda Bland da Altman suka bayyana a mujallar Lancet a 1986: ga kowane samfur a fitar da bambancin sakamakon biyu da kuma matsakaicinsu, a zana bambancin a tsaye, matsakaicin a kwance. Takardar zane da fensir sun isa. Idan ɗigogin sun taru a saman layin sifiri ko a ƙasansa tun daga farko har ƙarshe, a koma kan MNPT. Idan kuwa sun faro daga kusa da sifiri suna hawa ko suna gangarowa yayin da INR ke ƙaruwa, ISI ce abin zargi. Idan sun warwatsu sama da ƙasa ba tsari, a duba abin ɗibar ruwa, zafin na'ura, da hannun ma'aikaci.

A yanke iyakar da za a amince da ita tun kafin a fara, a rubuta ta, domin idan aka bari sai an ga sakamako zuciya takan sassauta. Ga na'urar hannu da babbar na'ura, wurare da yawa suna karɓar tazarar da ba ta wuce 0.5 ba a cikin iyakar magani. Ga manyan na'urori biyu da ke ɗaki ɗaya da sinadari ɗaya, ni ba na jin daɗin tazarar da ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Tambayar da nake yi a kan kowane layi ita ce, da wannan sakamakon aka kai wa likita a maimakon wancan, zai canza magani? A ƙirga sau nawa amsar ta zama e. Dokar ɗakunan gwaji ta Amurka ta wajabta irin wannan kwatanci sau biyu a shekara, kuma ban ga dalilin da zai sa mu yi ƙasa da haka ba.

Tsakanin kwatanci da kwatanci, kwantirol mai mataki biyu, na lafiya da mai tsawo, shi ne mai gadi. A gwada shi a farkon aiki, bayan kowace awa takwas, da duk lokacin da aka jiƙa sabuwar kwalbar sinadari, sannan a rubuta a jadawali domin a ga gocewar da ke tafiya sannu a hankali. A jiƙa sinadari da tataccen ruwan gwaji kawai. A ajiye ma'aunin zafi a cikin firji a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma, domin sinadarin da ya kamata ya zauna tsakanin digiri 2 da 8 yana iya kwana cikin zafi idan an ɗauke wuta janareta kuma bai tashi ba, da safe kuma ba abin da zai nuna a jikin kwalbar. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan madubin na'urori masu aiki da haske, saboda haka a rufe su, a goge su yadda kamfani ya tsara. 'Yan kofunan gwaji na amfani sau ɗaya ne, wanke su a sake amfani da su tsimi ne mai jawo asara. Sannan a shiga tsarin tantancewa daga waje, irin na UK NEQAS ko ECAT ko wanda hukumar kula da ɗakunan gwaji ta ƙasa ta amince da shi, domin shi kaɗai ke nuna wa mutum matsayinsa a tsakanin masu irin na'urarsa.

Majinyatan da na'urori ke saɓawa a kansu

Wani lokaci komai na na'urorin daidai ne, samfurin ne ke da abin da ɗaya ke gani ɗayar ba ta gani. Filasmar da ta yi fari da kitse, ko ta yi rawaya sosai saboda shawara, ko ta yi ja saboda fashewar ƙwayoyin jini, tana iya rikita na'ura mai aiki da haske, yayin da mai ƙwallon ƙarfe ba ta cika damuwa da launi ba. Mu da ke da masu ciwon sikila da yawa muna haɗuwa da wannan a kai a kai. Idan jan ya samo asali ne daga wahalar ɗiba, a sake ɗiba kawai, domin canza na'ura ba ya gyara jinin da ya riga ya lalace.

Na'urorin hannu suna da iyakar PCV da suke aiki a ciki; ta CoaguChek XS daga kashi 25 ne zuwa 55. Mai ƙarancin jini sosai ya fita daga wannan iyaka, a ɗebi nasa ta jijiya. Haka kuma tazararsu da babbar na'ura tana faɗaɗa idan INR ya haura 4, saboda haka kowane asibiti ya sa ƙa'ida a rubuce cewa daga lamba kaza sai an tabbatar a ɗakin gwaji. A kuma tuna cewa an gina INR ne domin masu shan warfarin da suka daidaita a kan magani. Ga mai ciwon hanta, ko mai shan rivaroxaban, wani maganin hana daskarewa daban, sinadarai biyu na iya ba da INR mabambanta ƙwarai ba tare da wani ya yi kuskure ba.

Saran maciji ya cancanci a tsaya a kansa, domin dafin kububuwa yana cinye furotin ɗin daskarewa har jini ya ƙi kamawa, kuma asibitoci irin na Kaltungo a jihar Gombe suna karɓar waɗannan majinyata da yawa, musamman da damina. Gwajin minti 20, wanda David Warrell da abokan aikinsa suka yi amfani da shi a Zariya a shekarun 1970, kwalba ce kawai na'urarsa: a zuba kamar mililita 2 na jinin jijiya a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ba taɓawa, bayan minti 20 a karkata ta sau ɗaya. Gilashin ne ke tayar da daskarewa, don haka kwalbar roba ko sirinji ko gilashin da aka wanke da sabulu na iya nuna jini bai daskare ba alhali lafiyarsa lau, a ɓarnatar da maganin dafi mai tsada. A ɗaya ɓangaren, an samu rahotanni daga Ostireliya cewa na'urorin INR na hannu sun nuna sakamako kusa da na lafiya ga mutanen da dafi ya riga ya cinye musu furotin ɗin daskarewa, saboda haka kada a dogara da su a saran maciji.

APTT ba shi da wani tsari irin na INR, sakan 60 a wannan asibiti ba sakan 60 ba ne a wancan. Kowane ɗakin gwaji ya fitar da iyakar lafiya tasa, kuma iyakar maganin heparin a ɗaure ta da gwajin anti-Xa, mai auna ƙarfin heparin a jini, tsakanin 0.3 da 0.7, da samfurin majinyatan da ke karɓar maganin. Inda babu wannan gwaji, aƙalla a gwada tsohon rukuni da sabo a kan samfuran nan kafin a sauya. A D-dimer kuwa, gwajin da ke auna ɓurɓushin gudan jini da ya narke, a lura da ma'aunin da aka rubuta, domin 500 a ma'aunin FEU kusan 250 ne a ma'aunin DDU.

Abin da za a rubuta da abin da za a faɗa

Majinyaci ya riƙe ɗakin gwaji ɗaya gwargwadon iko, musamman masu bawul ɗin ƙarfe a zuciya, waɗanda aka fi nema wa 2.5 zuwa 3.5 idan bawul ɗin na mitral ne, wato na tsakanin ɗakunan hagu na zuciya, kuma magunguna irin rivaroxaban ba sa maye musu gurbin warfarin. Ya riƙe ɗan littafi da ake rubuta kwanan wata, INR, adadin magani da wurin da aka yi gwajin. Idan sakamako ya zo da mamaki, likita ya tambayi inda aka yi shi, sannan ya tambayi abin da ya canza a rayuwar majinyaci, domin rifampicin na tarin fuka yana saukar da INR, metronidazole da Septrin suna ɗaga shi, yawan cin ganye irin alayyahu fiye da yadda aka saba shi ma yana saukar da shi. Idan majinyaci na zubar da jini, a kula da shi nan take ba tare da jiran a sasanta lambobi ba.

Ɗakin gwaji kuma ya sanar da likitoci a rubuce duk ranar da ya canza na'ura ko sinadari, ya rubuta sakan da INR duka a takardar sakamako, ya kuma ajiye rajista mai ɗauke da sakan ɗin kowane majinyaci, lambar rukuni, ISI, MNPT da sunan wanda ya shigar da su, tare da sa hannun mutum na biyu da ya duba. Wannan rajista ce ta taimake mu a ranar da dattijon nan ya zo. Mun fitar da sunayen duk waɗanda aka gwada tun daga ranar da aka buɗe sabon rukunin, muka sake lissafa INR ɗin kowa daga sakan ɗinsa da ISI ta gaskiya, muka kai wa likitocinsu gyararrun takardu kafin la'asar, aka kuma kira waɗanda aka riga aka rage wa magani ta waya domin su dawo a sake gwada su.